Tashar Dogon Marke a Saman Benen Jidda

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda na gamu da shi, a ƙofar masallaci ko a bakin tasha, sai ya ce, "Alhaji Habu, yaya Jidda? Ina Ilu?" Na gaji da cewa lafiya lau. Kuma na lura wasunku sun fara ƙara wa labarin gishiri, har na ji ana cewa wai na tarar da yayana ya zautu. Bai zautu ba, da hankalinsa garau. To ga yadda aka yi, kowa ya ji sau ɗaya ya ƙyale ni.

Saboda waɗanda ba su san gidanmu ba, mu uku ne. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, Yaya Asabe ce ta riƙe mu, ni da Yaya Ilu, da ƙosan da take sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dogon Marke. Ilu tun yana ɗan ƙarami ba shi da wurin zama sai gindin tankin ruwan tasha, inda kan jirgi yake tsayawa ya sha. Sai Yaya ta je ta jawo shi da kunne kafin ya ci abinci. Da muka girma duk muka shiga reluwe. Shi ya zama mai zuba kwal a kan jirgi, ni na bi masu gyaran dogo har na zama helumansu, wato shugabansu. Tun kafin a sami mulkin kai Ilu ya ce zai tafi Hajji ta ƙasa, ya dawo kafin damina biyu. An fi shekara ashirin ke nan, sai dai gaisuwa ta bakin alhazai.

Idanun Yaya Asabe sun rufe a shekarar da na ajiye aiki. Da ta ji na yi niyyar sauke farali sai ta kira ni ɗakinta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Habu," in ji ta, "ba na son tsaraba. Kada ka wahalar da kanka da dabino ko tasbaha. Ilu za ka kawo mini, in ji muryarsa kafin a kai ni."

Ta ɗaure daddawar da ta sa aka yi mata a wani tsohon ƙyalle ta ce in kai masa, don ya tuna miyar gida. Na ce mata in Allah ya yarda tare za mu shigo mata.

An yi ta ba ni shawara in hau jirgin sama daga Kano kamar kowa, na ƙi. Mutumin da ya tsufa yana ƙwanƙwasa ƙarfe a ƙasa ba ya sakin jiki da abin da ba ya taka komai. Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama ce, direbobi ba su gama sabawa ba, don haka daga Kano zuwa Maiduguri na sha salati. Daga can na shiga wata babbar mota mai ɗauke da albasa, direbanta wani Shuwa ne mai yawan rantsuwa, wanda duk garin da ka tambaye shi sai ya ce yana bayan wancan tudun. Muka yi ta wuce tuddai.

A kan iyakar Cadi wani soja ya buɗe akwatina ya ciro ƙullin daddawa, ya sansana, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni da Faransanci. Na amsa masa da Hausa. Sai ya kira abokinsa, shi kuwa yana jin warin ya yi murmushi, ya ce matarsa 'yar Damagaram ce. Ai kuwa ya raba ƙullin biyu ya riƙe rabi, har yana yi mini godiya kamar ni na ba shi. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, saboda shi ne mai bindiga.

Sai da muka shiga Sudan muka kai Niyala sannan na sake ganin dogo, na ji kamar na gamu da ɗan garinmu. Amma jirginsu wani iri ne. Mutane har a saman taragai suke zama, da awakinsu da tulunansu, ba mai ce musu kanzil. Da a layinmu ne da an kori shugaban tasha a ranar. Kowa yana barci ni kunnena yana kan ƙarfe, ina jin inda kusa ta saki da inda ƙasa ta zauna, ba ni kuma da wanda zan gaya wa. Abincinsu kisra ce, wata aba mai tsami, siririya kamar an shanya koko a faranti, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. A wata tasha wata mai shayi ta ji ina mita ni kaɗai, ta ce, "Baba, daga ina?" da Hausar Katsina tsantsa. Kakarta ce ta taso Hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare a nan, su kuma har yau suna hanya. Na sha shayinta ina tunanin Ilu, raina bai yi mini daɗi ba.

A bakin teku aka tsare mu a sansanin alhazai don duba lafiya. Wani ma'aikaci ya sake tono daddawar, ya ce ruɓaɓɓen abu ne, ya watsa a wuta. Allah ya taimake ni na riga na ɓoye dunƙule ɗaya a cikin hulata. Labarin jirgin ruwa kuwa ba abin da zan gaya muku sai amai. Na kwanta a kan katako ina roƙon Allah ya nuna mini ƙasa ko ta wace iri ce.

A Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda na gan shi. Da ba don tafiyarsa ba, irin ta wanda ya saba tsayuwa a kan jirgi yana jijjiga, da ban gane shi ba. Ya yi furfura fat, yana sanye da farar jallabiya da ƙyalle a ka. Na nufi ƙasa zan durƙusa in gaida yayana, ya cafke ni ya ce, "La, la, ba a yi a nan." Ya sumbace ni a kumatu dama da hagu yadda suke yi, ni kuwa na sandare, don tun da nake, namiji bai taɓa yi mini haka ba. Muka yi kuka mu duka biyu, wannan ba zan ɓoye ba. Na ciro dunƙulen daddawa daga hula na damƙa masa. Ya sansana, ya lumshe ido ya daɗe. Na ce a raina aiki ya yi sauƙi.

Da ya buɗe ido sai ya ce, "Habu, tankin nan na tasha, ƙafafunsa huɗu ne ko shida?"

Na tsaya ina kallonsa. Na buɗe baki zan ce Yaya Asabe tana gaishe shi, ya ɗaga hannu. "Halas, kada ma ka faɗa. Kada ka ba ni labarin gida ko ɗaya yanzu. Akwai ranarsa. Yalla, mu tafi."

Hajji na yi shi, alhamdu lillahi, ba kuma labarinsa kuke nema ba. Bayan an sauko na koma Jidda gidan Ilu ina jiran jirgin ruwa. Gidan ɗaki biyu ne a wani lungu a bayan unguwar Bagdadiyya. Yana gadin wani sito a bakin tashar ruwa, yana da mata, Sa'adiyya, haifaffiyar can, mutuniyar kirki ƙwarai, kakanninta daga Zazzau suka zo. 'Ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, suna kirana Ammi, wato baffa. Ranar da uwarsu ta jefa daddawar Yaya a miya duk suka toshe hanci suka fita. Da safe wake ake ci, wanda suke kira ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa, gobe ma shinkafa. Ruwan sha kuwa saye ake yi wurin masu garwa, ba rijiya ba kogi.

Abin da ya fi damuna shi ne iskar garin. Mu zafinmu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, suna kiransa ruɗuba. Ka wanke riga ta wuni a igiya ba ta bushe ba, gishiri ya narke a kwano, askata da na zo da ita tana walƙiya ta yi ja kafin mako ya zagayo. In iska ta taso daga arewa, shamal, sai a ɗan sami sa'ida. In ta juyo daga kudu, aziyab suke ce mata, sai kowa ya yi ta ɗiga kamar tulun da ya tsage.

Na lura kullum da sassafe, kafin ya tafi wurin gadi, Ilu yana fita da 'yar sanfefa da tsumma da kwalbar kananzir. Bayan la'asar kuma ya sake ɓacewa. Duk lokacin da na ɗauko zancen gida sai ya dubi sama ya ce, "Aziyab na tafe," ya zura takalmi. Rannan dai ya ce in biyo shi.

Wani tsohon bene muka hau a cikin Bagdadiyya, gidan wani dattijo tela da ake kira Ammu Bakur, Bahaushe ne amma a Jidda aka haifi ubansa ma. A can sama akwai ɗaki guda, tebur ya kusa cinye shi duka. A kan teburin an shimfiɗa ɗan dogo siriri na kwano, ya zagaya ya dawo, ga ƙaramin kan jirgi baƙi da taragai, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Wuta ce ke bi ta cikin dogon ta tura shi. Ammu Bakur ya saye shi wurin wani matuƙin jirgin ruwa da ya zo masa ɗinki. Shi kansa bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, don babu shi a Jidda, amma ya fi kowa yawan magana a kansa. Na ukunsu Malam Usmanu ne, Bahaushen Sudan, tsohon makaniken reluwe, kurma-kurma, mai taurin kai. Dukansu ba wanda bai ba sittin baya ba.

Kowa da ɓangarensa a kan tebur. Ammu Bakur ya yi tashar ruwa da jirage na gwangwani. Malam Usmanu ya yi tashar garinsu da rumfar gyara. Na zagaya ɗaya gefen, sai na tsaya cak. Dogon Marke ce. Ga ofishin shugaban tasha da jan kwanonsa, ga tanki da aka yi da gwangwanin tumatir, ga dalar gyaɗa, buhu-buhu ƙanana da Ammu Bakur ya ɗinka aka cika da yashi. Ga marken da garin ya ci sunansa, an yi shi da waya da soso. Ga gidanmu a bayansa, da zauren da ƙofarsa ke kallon gabas. A bakin dandamali kuma ga wata 'yar mace ta katako, da zanen shuni, da tire na marfin kwalba a ka, an manna ƙwayoyin gero a kai a madadin ƙosai.

Ilu ya kunna wuta. Jirgi ya tashi daga Dogon Marke, kafin in ja numfashi biyu ya isa Sudan, tafiyar da ta kusa kashe ni. Tsofaffin nan uku suka bi shi da ido baki buɗe. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau, har layin sun ɗaga shi a kwana yadda ya kamata. Amma na dubi 'yar katakon nan na tuna mai ita tana zaune a ɗaki tana jiran muryar mutumin da ke nan yana wasa da gwangwani.

Nan na gane sanfefar. Dogon kwano ne, ruɗuba kuma ba ta da tausayi. Kwana ɗaya ba a goge ba tsatsa ta hau, wuta ta ƙi wucewa, jirgi ya tsaya. Idon Ammu Bakur ya raunana, hannun Malam Usmanu yana rawa, don haka Ilu ne mai gogewa, safiya bayan safiya, shekara da shekaru. Hirarsu ma duk ta iska ce. Ammu Bakur zai leƙa taga ya shaƙa ya ce, "Yau shamal, alhamdu lillah," Malam Usmanu ya ce, "Shamal ɗin ina? Gwiwata ta ce aziyab," su yi ta musu har a kira magariba.

Ina can aka yi ruwan sama sau ɗaya. Su ruwa baƙonsu ne, ba su da magudana, rabin sa'a ya ishe shi ya mayar da lungu kogi. Ana fara yayyafi Ilu ya zabura ya fita ba ko takalmi. Ruwa ya shigo ɗakinsa, ni da Sa'adiyya muka yi ta kwashewa da kwanoni, muna ɗaga katifu. Da aka ɗauke na bi shi benen a fusace. Na tarar da su ukun sun jiƙe sharkaf, rufin yana yoyo, sun ɗaga tabarmar roba a saman tebur. Ilu ya dube ni yana murna ya ce, "Ko ɗigo bai taɓa tashar ba." Bai tambaye ni gidansa ba. Daga ranar na daina ganin kyan teburin nan.

Da jirgin ruwanmu ya kusa tashi sai suka ce ranar taftish ta zo, wato ranar duba layi. Malam Usmanu ne ya yi mini bayani, da ƙarfi kamar yadda kurame suke yi.

"Ya heluma, muna da ƙa'ida a nan. Ba a ajiye ƙarya a kan wannan tebur. Duk wanda ya zo daga gari ya gani da idonsa, sai ya duba mana layi. Abin da yake nan a bar shi, abin da ya tafi a ɗauke. Ni da hannuna na cire masallacin tasharmu da aka ce an rushe an yi sabo." Ya nuna wani kwali a ƙarƙashin tebur, wanda suke kira sito. "Kai ka san aikin. Direba da maganar heluma yake tafiya. In heluma ya ce layi lafiya alhali ba lafiya ba, sai a shirya likkafani."

Ashe shi ya sa Ilu ya hana ni ba shi labarin gida. Alhazan da suka riga ni duk mutanen birni ne, ba wanda ya san Dogon Marke sai ta tagar jirgi, ba a karɓar shaidarsu. Ni ne shaida na farko tun da ya gina ta.

Aka zuba shayi a 'yan kofunan gilashi. Ilu ya tsaya a gefen tasharsa, ya sa yatsa a kan gwangwanin tumatir.

"Tanki."

"Ƙafafunsa shida ne, ba huɗu ba," na ce. "Amma ba sai ka gyara ba. Tun da aka kawo kan jirgi mai shan gas aka daina shan ruwa a garinmu. An kwance shi."

Ya ɗauke yatsarsa daga kai. Sannan ya sa wuƙa ya ɓamɓare shi a hankali, ya sa a kwali.

"Dalar gyaɗa."

"Fari ya cinye ta. Bana ko rabin tarago ba a loda ba."

Aka kwashe buhunan Ammu Bakur ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta cewa, "La haula, la haula."

Malam Usmanu ya matso kusa da ni, a zatonsa raɗa yake yi. "Ya heluma, abin da ba ka tabbatar ba kana iya cewa ba ka duba ba. Ƙa'ida ta yarda da wannan."

Na ji shi sarai, na kuma gane abin da yake nufi. Amma ta gaban wuraren nan nake wucewa kullum in zan je masallaci, yaya zan ce ban duba ba? Kuma ina ganin in teburin ya zama fili, mutumin nan zai ɗago kai ya tuna akwai gari na gaske da mutum na gaske a ciki.

"Marke," in ji Ilu.

"Iska ta kayar da shi a kan wayar tangaraho. An faskara."

"Gida."

"Ya faɗi a wata damina bayan mun tashi daga ciki. Yanzu injin niƙa ne a wurin."

Gidan ya fi ba shi wahala, don ya manna shi da kyau. Da ya ɗaga sai ya bar tabo mai kusurwa huɗu a kan katako. Ba abin da ya rage sai ofis da dandamali da 'yar katakon nan ita kaɗai da tirenta. Ya kai hannu kusa da ita, bai taɓa ba.

"Ita fa?"

"Tana raye."

Ya sauke ajiyar zuciya ya janye hannu. Da na yi shiru a nan da an tashi taro lafiya. Amma ba don in duba masa gwangwani na keto Cadi da Sudan ba.

"Tana raye, Yaya, amma ba ta tsayawa a nan. Idanunta sun rufe. Tana ɗaki a gidana, sai an kama hannunta take fita tsakar gida. Ita ta aiko ni. Ta ce ba ta son komai daga Makka sai muryarka."

Daga ƙasa muna jin masu garwa suna kira. Na zuba masa ido ina jira ya ce in nema masa wuri a jirgi. Sai ya sunkuya ya sa wuƙar a ƙarƙashin ƙafar 'yar katakon, ya ɗaga ta.

"Me kake yi?" na ce.

"Ƙa'ida ce. Ba ta tsayawa a nan."

Bai sa ta a kwali ba. Ya ciro ƙyallen da ke aljihunsa ya naɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba.

"Yaya, ba guntun katako ta aike ni in ɗauko ba."

"In na je me zan tarar, Habu? Kai da bakinka ka faɗa. Ba tanki, ba marke, ba gida. Ita ma ba za ta gan ni ba."

"Za ta ji ka."

"Ta ji me? Damina biyu na ce mata." Ya goge fuska da hannun riga. "Kuma in na fita, iƙama, takardar zamana a nan, ta mutu, kafili da ya tsaya mini ba zai jira ni ba. Ga yara."

"Wata biyu kawai. Sa'adiyya da kanta ta ce mini ka je."

Ya juya ya kunna wuta. Jirgi ya taso daga tashar Malam Usmanu ya zagayo, na ga hannun Ilu a kan makunni inda ya saba rage gudu don ya tsaya a Dogon Marke. Bai rage ba, jirgin ya wuce dandamalin da ba kowa a kai. Ammu Bakur ya leƙa taga don ya kawar da shirun, ya ce da sanyin murya, "Gobe aziyab."

"Ka ji ko," in ji Ilu, bai dube ni ba. "Wata biyu. Ka san abin da wata biyu zai yi wa dogon nan?"

Na sauko daga benen ban yi wa kowa sallama ba. Na sake yi masa magana washegari, na sake yi jibi, har na haɗa shi da Allah. Sa'adiyya ta yi kuka ta yi roƙo da Larabci da Hausa. Shi dai ya ɗauki sanfefarsa ya fita.

Ranar tafiya ya rako ni tashar ruwa, yatsunsa ja da tsatsa. Ya sumbace ni dama da hagu, wannan karon ban ma motsa ba. Na ɗauki akwati na juya, sai na ji ya kira ni. Na dawo da sauri.

"Habu, siginar nan ta gabas da tasha. Na manta ban tambaye ka ba. Tana nan?"

Na ce masa tana nan. Ya ce alhamdu lillahi.

Labarin komowa ba abin faɗi a ciki. Teku ɗaya ce, kisra ɗaya ce, sojan Cadi ya buɗe ƙyallen ya ga 'yar katako ya yi dariya ya mayar mini. Jirgin ƙasa ya sauke ni a nan da hantsi, kun kuma tarye ni da kalangu, na gode.

Da mutane suka watse na shiga ɗakin Yaya Asabe. Tun kafin in yi sallama ta karkata kai tana sauraren bayana, ko akwai wani takun. Na durƙusa na gaishe ta, ta yi mini barka da sauka, ta tambayi Makka da Madina kamar yadda ake yi. Sannan na warware ƙyallen na sa mata abin a tafin hannu. Ta shafa kan, ta shafa tiren, ta bi ƙwayoyin geron ɗaya-ɗaya da farce.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Yaya. Shi ya sassaƙa."

"Wane zane ya ɗaura mini?"

"Na shuni."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta ce, "Ya tambaye ni?"

Ni da na yi shekara talatin a kan dogo ban taɓa ba direba rahoton ƙarya ba, ni da na tsaya a gaban yayana na rushe masa gari da gaskiya, sai na ji bakina yana cewa, "Ke ya fara tambaya, Yaya, tun a bakin ruwa."

Ta yi 'yar dariya, ta ƙulle abin a haɓar zanenta.

"Ƙarya kake, Habu," in ji ta. "Tankin ruwa ya fara tambaya."

Abin da ya faru ke nan. Duk mai sauran tambaya a kan Ilu ya same ni a bakin tasha, kada ya yi mini ita a ƙofar gida, don kunnenta yana nan da kaifinsa.